Jinyar raunin ƙwaƙwalwa a asibitin ƙasa mai tasowa: ina kuɗin ke tafiya?

Mai Neman Sani:

Assalamu alaikum. Tambayata ga likitoci, ma'aikatan jinya da masu riƙe da lissafin asibiti. Idan aka kawo wanda ya bugu a ka, ko a hatsarin babur, ko faɗowa daga gini, ko duka, yaya ake ƙiyasta abin da jinyarsa za ta ci a ƙasa mai tasowa, inda yawancin mutane daga aljihunsu suke biya? Sai ka ga mutum biyu daga hatsari ɗaya, an sallami ɗaya bayan kwana biyu, ɗayan kuwa iyalinsa sun sayar da abin da suka mallaka amma da sauran rina a kaba. Mutane sun ɗauka tiyata ce ke cinye kuɗin. Haka ne? In ba ita ba ce, mece ce? Ba farashi nake nema ba, tunda kowace ƙasa da nata. So nake in gane yadda lissafin yake haɗuwa.

Likitan Tiyatar Ƙwaƙwalwa:

Wa alaikumus salam. Malam, tiyata aikin 'yan sa'o'i ne, kuma sau ɗaya ake biyan kuɗinta. Abin da ke cin dukiya shi ne kwanaki, musamman na sashen gobe-da-nisa, wato inda ake kwantar da waɗanda ke cikin mawuyacin hali. Amma bari mu faro daga bakin ƙofa.

Abu na farko da ke raba majinyatan nan biyu da ka ambata shi ne zurfin sumarsu. Ana auna shi da ma'aunin Gilasgo, wanda Teasdale da Jennett suka fito da shi a 1974. A yadda ake amfani da shi yanzu: maki 4 na buɗe ido, 5 na magana, 6 na motsin jiki, jimilla daga 3 zuwa 15. Mai 13 zuwa 15 rauninsa mai sauƙi ne, kuma irinsa ne suka fi yawa. Abin da zai ci bai wuce dubawa, ɗinki, maganin ciwo, sa ido na wasu sa'o'i, wataƙila da hoto ɗaya ba. Mai 9 zuwa 12 sai an ba shi gado, a yi masa hoto, a riƙa auna makinsa akai-akai. Mai 8 ko ƙasa da haka ba ya iya kare maƙogwaronsa daga amai da majina, dole a zura masa robar numfashi a haɗa shi da na'ura. Daga wannan lokacin lissafinsa ya koma na kullum, kowace safiya da nata.

Sai hoton siti-sikan, wanda ke nuna abin da ke cikin ƙoƙon kai. Ba duk wanda ya bugu a ka ke buƙatarsa ba. A cikin masu rauni mai sauƙi, ana yi wa wanda makinsa bai koma 15 ba bayan sa'a biyu, ko ya yi amai sau biyu ko fiye, ko ya kai shekara 65, ko ƙoƙon kansa ya lotsa, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, ko kewayen idanunsa ya yi baƙi. Haka ma wanda ya yi jijjiga ko yake shan maganin tsinka jini. Hoton ƙashi na yau da kullum kuwa asara ce a nan: ba ya nuna jinin da ya taru a ciki, kuma fitowarsa da kyau ba ta nufin ƙwaƙwalwa lafiya take. Inda siti-sikan yake yin tsada da gaske shi ne idan na'urar asibitin ta lalace. Sai a biya motar ɗaukar majinyaci, oksijin na hanya, ma'aikacin rakiya, sannan a yi hasarar sa'o'in da babu kuɗin da zai dawo da su.

Hoton ne ke cewa a yi tiyata ko a'a. Jinin da ya taru tsakanin ƙoƙon kai da mayafin ƙwaƙwalwa mai kauri, idan ya haura mililita 30, fitar da shi ake yi ko da mutum yana magana. Wanda ya taru a ƙarƙashin mayafin, idan kaurinsa ya wuce milimita 10, ko ya ture tsakiyar ƙwaƙwalwa fiye da milimita 5, shi ma haka. Na farkon ne nake so ka riƙe. Sau da yawa ƙwaƙwalwar da ke ƙarƙashinsa ba ta lalace ba, jijiyar jini ce kawai ta tsinke. Mutum zai iya farfaɗowa bayan buguwar, ya yi hira, sannan ya fara nutsewa, baƙin idonsa ɗaya ya buɗe. In an buɗe kan da wuri, cikin 'yan kwanaki zai tafi gida da ƙafarsa. In aka tsaya jiran a haɗa kuɗi har ƙwaƙwalwa ta matse, tiyatar dai ita ce, kuɗinta bai canza ba, amma yanzu an ƙara makonni a kan na'ura, kuma ba lallai ya dawo yadda yake ba. Game da jinin ƙarƙashin mayafi, wani bincike da aka buga a Amurka a 1981 ya nuna mutuwar kashi 30 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aiki cikin sa'a huɗu, da kashi 90 na waɗanda aka yi wa bayan haka.

Akwai tiyata ɗaya da ya kamata a bayyana wa iyali sosai tun kafin a shiga. Idan ƙwaƙwalwa ta kumbura har ta gagara, ana cire babban ɓangare na ƙoƙon kai a bar ta ta sarara. Wannan aiki biyu ne, ba ɗaya ba, domin bayan makonni ko watanni sai an koma an rufe wurin. Mafi arha shi ne a ajiye ƙashin a ƙarƙashin fatar cikin majinyacin, ko a na'urar daskarewa ta musamman. In ƙashin ya ruɓe ko ya narke, sai simintin ƙashi ko ragar taitaniyam, ita kuwa ragar daga waje ake shigo da ita. Sannan aikin yana rage mutuwa, amma wasu daga cikin waɗanda ya ceto za su rayu ne cikin naƙasa mai tsanani. Haƙƙin iyali ne su ji wannan da kunnensu.

Ma'aikaciyar Jinya ta Gobe-da-Nisa:

Likita ya faɗi gaskiya a kan kwanaki. Ga abin da ke cikin kwana ɗaya.

Majinyacin da ke kan na'urar numfashi nas guda yake buƙata a kansa dare da rana. Mako sa'a 168 ne. Raba shi da sa'a 40 na aikin mutum ɗaya, za ka samu fiye da mutum huɗu, in ka sa hutu da rashin lafiya, gado ɗaya tak yana cin ma'aikatan jinya biyar ko fiye. Wannan ba ya fitowa a takardar da ake miƙa wa iyali, amma wani ne ke biyansa.

Oksijin: a lita 5 cikin minti, mutum yana shan lita 300 a sa'a, lita 7,200 a kwana. Babbar tukunya tana ɗaukar kimanin lita 6,800. Kenan kullum tukunya guda, wani lokacin ma ba ta kai safiya. Na'urar tace oksijin daga iska ta fi arha nesa ba kusa ba, amma sai da wutar da ba ta yankewa, kuma yawancin na'urorin numfashi suna buƙatar oksijin mai matsi wanda ita ba ta bayarwa. Ƙara da maganin kwantar da shi da ke tafiya ta jijiya ba tsayawa, robobin zuƙe majina, safar hannu, sirinji, robar fitsari, da gwajin gishirin jini aƙalla sau ɗaya a rana, ko fiye in ana ba shi maganin rage kumburi. Kowanne ƙarami ne. Ninka su da kwana goma sha huɗu ka gani.

Amma abin da ke mayar da jinyar kwana bakwai ta koma ta wata guda ba raunin kan ba ne. Matsalolin kwanciya ne, kuma yawancinsu ana iya kauce musu da abin da bai kai komai ba.

Ciwon huhu shi ne na gaba-gaba. Majina da abin cikin ciki suna gangarawa huhu. Maganinsa tun kafin ya zo: a ɗaga kan gado digiri 30, a wanke baki sau da yawa a rana, a zuƙe majina da roba mai tsabta, a wanke hannu kafin a taɓa shi. Ɗaga gadon ma riba biyu ce, domin yana rage matsin cikin kai. In ciwon ya kama, sai gwajin majina, sai maganin ƙwayoyin cuta masu ƙarfi, kuma ƙwayoyin cutar asibiti sukan bijire wa masu arha. Wanda aka ga ba zai farka da wuri ba, gara a huda masa maƙogwaro a sa gajeriyar roba. Hakan yana rage maganin barci, yana sauƙaƙa raba shi da na'ura, har a iya mayar da shi ɗakin kwanciya na gama-gari, inda kuɗin kwana ya yi ƙasa ƙwarai.

Gyambon kwanciya shi ne ke ba ni takaici, domin juyi ne kawai maganinsa: duk bayan sa'a biyu, da matashi tsakanin gwiwoyi, dugadugai a ɗage, zanen gado a bushe ba tattara. Ana fara ganinsa kamar ja a ƙugu ko bayan kai. In ya ci ya kai ƙashi, wanki ne na watanni, wataƙila da tiyatar dashen fata, bayan kan ya riga ya warke.

Sai abinci. Jikin mai raunin ƙwaƙwalwa yana ƙona abinci fiye da na mai lafiya. Mutum mai kilo 70 yana buƙatar kalori 1,750 zuwa 2,100 a rana, da sinadarin gina jiki mai yawa. A fara ba shi ta robar hanci da wuri, a kai cikakken adadi tsakanin kwana na biyar zuwa na bakwai. Ƙarin ruwa ba abinci ba ne. Wanda aka bari a kansa kawai zai rame, ciwonsa ya ƙi warkewa, cuta ta same shi. Inda abincin gwangwani na asibiti ya fi ƙarfin iyali, abincin da aka niƙa aka tace bisa awon masanin abinci yana aiki, muddin ana kula da tsabta ana kuma wanke robar da ruwa bayan kowace ciyarwa don kada ta toshe. In an ga alamar karaya a gindin ƙoƙon kai, ta baki ake zura robar, ba ta hanci ba.

Mai Lissafin Asibiti:

Malam Mai Neman Sani, kafin ka rubuta ko da lamba ɗaya, raba abu biyu da mutane ke cakuɗawa: abin da aka caji majinyaci, da abin da jinyar ta ci. A asibitin gwamnati albashi, gini da na'urori suna cikin tallafi, don haka rasit ya gaza ainihin kuɗin. A mai zaman kansa akwai riba a kai. Duk ƙiyasin da aka gina a kan rasit kaɗai gurgu ne. Kuma akwai rasit ɗin da asibiti bai taɓa gani ba: magungunan da suka ƙare a ɗakin magani aka tura dangi su sayo a waje, hoton da aka yi a wani wuri, jinin da aka nemo.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce a bi majinyaci ɗaya-ɗaya daga shigowa zuwa sallama, a rubuta adadi, ba kuɗi ba: kwana nawa a gobe-da-nisa, nawa a kan na'ura, nawa a ɗakin kwanciya, hoto nawa, minti nawa a ɗakin tiyata, ledar jini nawa. Daga baya sai a ninka kowanne da kuɗinsa. Amfanin haka shi ne in darajar kuɗin ƙasa ta faɗi, adadin yana nan, farashi kawai za a sabunta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a ƙasashe masu arziki albashi ne ke ɗaukar kaso mafi girma, a masu tasowa kuwa albashi ƙasa yake, magani da kayan aiki kuma da kuɗin waje ake sayo su.

Na'ura kamar siti-sikan ana raba kuɗin sayenta a kan shekarun da za ta yi aiki, a ƙara gyara, wuta, man janareto da albashi, a raba da yawan hotunan shekara. Shi ya sa wadda ke hoto biyar a rana kowane hotonta ya ninka na wadda ke yin hamsin tsada, kuma ranar da take a lalace ma kuɗi take ci.

Hattara da abu biyu. Na ɗaya, kada ka tara kuɗin kowa ka raba da yawansu ka tsaya nan. Mutum uku da suka yi wata biyu za su ja adadin sama ya daina kama da na kowa. Jera su daga ƙarami zuwa babba, ka ɗauki na tsakiya, ka kuma ba da shi daban ga kowane rukuni na ma'aunin Gilasgo. Na biyu ya fi ɗaci: wanda ya rasu a kwana na farko, da wanda iyalinsa suka ɗauke shi don kuɗi ya ƙare, su ne mafi arha a takarda. Asibitin da lissafinsa ya yi ƙasa ba dole ne ya zama mai tattali ba. Kullum a ajiye kuɗi kusa da sakamako: nawa suka rayu, nawa suka koma aiki bayan wata shida.

Sannan akwai abin da ke bayan katangar asibiti: sufuri, kwanan masu jinya, aikin da majinyaci da mai kula da shi suka bari, gashin ƙashi, koyon magana, maganin farfaɗiya ga wanda ta kama. Mafi yawan masu wannan rauni matasa ne maza, masu ciyar da gida. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin hanya yana kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kashi 92 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki. A ma'aunin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi amfani da shi a baya, gidan da ya kashe fiye da kashi 10 cikin 100 na abin da yake kashewa gaba ɗaya a kan lafiya ya shiga halin durƙushewa. Kwamitin mujallar Lancet kan tiyata ya ƙiyasta a 2015 cewa mutum miliyan 33 ke faɗawa wannan hali duk shekara saboda kuɗin tiyata da sa barci, wasu miliyan 48 kuma saboda sufuri, abinci da masauki.

Mai Neman Sani:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura biyu. Takardun magani da ake rubutawa suna da tsawo, shin duka dole ne? Kuma in akwai asusun taimako wanda ba zai isa komai ba, ina ya fi dacewa a zuba shi?

Mai Haɗa Magunguna:

Ba duka ba ne, Malam, kuma wasu ma cutarwa suke yi. Sitiroyid shi ne misali na farko. An daɗe ana ba da shi don rage kumburi, har gwajin CRASH na 2004, mai mutum fiye da 10,000, ya nuna waɗanda aka ba sun fi mutuwa: kashi 21 cikin 100 a mako biyu, sauran kuwa kashi 18. Ba shi da gurbi a raunin kai. Sitikolin, wanda ake sayarwa da sunan abincin ƙwaƙwalwa, an gwada shi a kan mutum fiye da 1,200, sakamakon da ya fito a 2012 bai nuna wani amfani ba. Albumin, wani ruwan sinadarin jini da ake ƙarawa ta jijiya, yana da tsada kuma an ga ƙarin mutuwa da shi a wannan rauni. Ruwan suga zalla yana ƙara kumburi, ruwan gishiri na kashi 0.9 shi ne daidai. Maganin ƙwayoyin cuta na kwana da kwanaki ga wanda kansa bai fashe ba kuma ba shi da alamar cuta, kuɗi ne a rariya.

Masu amfanin kuwa yawanci masu arha ne. Taranezamik asid, mai rage zubar jini, giram 1 cikin minti 10, sai wani giram 1 cikin sa'a 8, in an fara cikin sa'a uku da buguwa. Gwajin CRASH-3 na 2019 ya nuna yana rage mutuwa a rauni mai sauƙi da matsakaici. Fenitoyin don hana jijjiga: miligiram 15 zuwa 20 a kowane kilo da farko, cikin ruwan gishiri, kada ya wuce miligiram 50 a minti don kada jini ya faɗi. Kwana bakwai ne kawai. In bai yi jijjiga ba a tsayar, domin ci gaba da shi ba ya hana farfaɗiyar da ke zuwa daga baya, amma sau da yawa ana mantawa a bar iyali suna saya wata da watanni. Manitol, mai rage kumburin ƙwaƙwalwa, giram 0.25 zuwa 1 ne a kowane kilo. Mai kilo 70 a kan rabin giram a kowane kilo, za a ba shi mililita 175 na mai kashi 20 ta jijiya. Na sayen lokaci ne idan matsin cikin kai ya tashi, ba na kowane sa'a shida har mako ba. Yana jawo fitsari mai yawa, ya busar da jiki, ya taɓa ƙoda, sai a shiga wani sabon kashe kuɗin.

Likitan Tiyatar Ƙwaƙwalwa:

A kan asusun, amsata ita ce sa'a 24 na farko, ba tare da an nemi kafin alƙalami ba. Buguwar farko ta riga ta faru, babu mai mayar da ita. Abin da ke hannunmu shi ne lalacewa ta biyu, wadda faɗuwar jini da ƙarancin oksijin ke jawowa. Awon jini na sama ya sauka ƙasa da 90 ko da sau ɗaya ne, haɗarin mutuwa ya kusan ninkawa. Don haka asusun ya ɗauki oksijin, ruwan gishiri, abin tallafe wuya, taranezamik asid, hoton farko, jini leda biyu, da tiyatar gaggawa in hoto ya nuna. A ajiye kayan tiyatar a ƙunshe a ɗakin aiki, kada a tura dangi neman zare da allura cikin dare.

Abin da ba zan sa a gaba ba shi ne na'urar auna matsin cikin kai, wadda kowace wayarta sau ɗaya ake amfani da ita. Gwajin da aka yi a Bolibiya da Ikwado kan mutum 324, aka buga a 2012, bai nuna ta fi dubawa akai-akai da maimaita hoto ba. Amma a lura da sharaɗin: dubawar ta gaske ce, nas tana haska ido tana auna maki kowace sa'a, kuma tana da likitan da za ta kira ya zo nan take idan maki ya sauka da biyu ko baƙin ido ɗaya ya buɗe. In asusun ya yi rara, a ƙara nas ta dare.